Iya Rakiya da Rabin da Ya Saura

A Kekun Waje ba a cewa a kira ungozoma, cewa ake a gaya wa Iya. Iya kuwa ita ce Rakiya, yayar mahaifina, wadda nake kira Gwaggo in muna shiri, in ta ɓata mini rai in ce mata Iya kamar kowa. Shekara talatin da wani abu ta yi tana yanke cibiya a garin nan da rugagen da ke kewaye da shi, har daga Furfuri ana zuwa ɗaukarta a babur. Ni ma ita ta fara wanke ni, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Duk ranar da na ɗaga mata murya sai ta ce, "Ke Safiya, bi a hankali, na san ki tun ba ki da zane."

Gajeruwa ce, baƙa, mai manyan hannuwa, bakinta kuma ba linzami. Na taɓa ganin ta tsayar da wani magidanci a zaure ta wanke shi tas don matarsa ta haihu bai tanadi itacen wankan jego ba, mutumin nan da gemunsa ya tsaya yana "to Iya, to Iya". Amma a aiki ba ta da girman kai. In ta ga haihuwa ta zo da gardama ba ta tsayawa jarraba sa'a, sai ta ce a nemo mota a tafi asibitin Bungudu, ita ce a gaba. Kayan aikinta duka a ƙaramar kwalla suke: sabuwar reza, zare, sabulu da tsumma mai tsabta.

Ita kanta ta haifi shida, biyar suka koma tun suna ƙanana, mijinta ma ya daɗe da rasuwa. Autarta Bara'atu ce kaɗai ta tsaya. Aka aurar da ita ga Mannir a 'Yankuzo, can ƙasar Tsafe, ta yi shekara tara ko ɓatan wata ba ta yi ba. Gwaggo ba ta kuka a gaban mutane. Sau ɗaya dai, muna tsinkar zogale, ta ce mini, "Na wanke ɗiyan gari duka, nawa guda nike jira." Daga nan ta ci gaba da tsinka.

Maƙoƙon da ke wuyanta tun ina yarinya na san shi, ɗan ƙarami, tana rufe shi da mayafi. A 'yan shekarun nan ne ya fara girma, muryarta ta dishe, tuwo ya daina wucewa sai kunu. Ni ce 'yar boko a gidanmu, ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar 'yan mata a Gusau, don haka ni na ja ta zuwa asibiti tana zagina. Aka yi mata aiki aka cire, aka kai naman gwaji, sakamako ya dawo cewa ciwon daji ne. Likita ya ce akwai ragowar da wuƙa ba ta iya kaiwa gare ta, sai an ba ta wani magani da babu shi sai a Abuja. A cikin watan nan kuma saƙo ya zo daga 'Yankuzo cewa Bara'atu na da ciki.

Wallahi ranar na ga Gwaggo ta yi rawa da ɗinki a wuya. Ta ce ba inda za ta sai ta karɓi haihuwar nan, magani ya jira. Na ce ba zai jira ba. Muka yi ta yi, har mahaifina ya sa baki, ya sayar da sansa guda, muka kama hanya lokacin cikin Bara'atu na wata shida.

Maganin da muka yi wannan doguwar tafiya dominsa ƙwaya ɗaya ce tak. Amma a cikin wata 'yar tukunyar darma mai nauyi aka turo ta a kan ɗan keken asibiti, wanda ya kawo ta yana sanye da safar hannu, ya ce kada ta taɓa da yatsa, ta kafa baki ta haɗiye. Tana haɗiyewa kowa ya ja da baya. Aka rufe ta a ɗaki ita kaɗai kwana uku, abinci a bakin ƙofa ake ajiye mata. Matar da ko kunu ba ta iya sha sai ta kira wani ya taya ta! Ina leƙenta ta gilashi tana zaune a bakin gado ta haɗa hannuwa, ta rasa abin da za ta yi da su.

Ranar sallama likita ya yi mata bayani da Hausa, a natse. Ya ce sati uku kada ta ɗauki jariri, kada ta zauna kusa da mai ciki, ta bar tazarar taku uku tsakaninta da su. Ta ware kwanonta da kofinta, ta yawaita shan ruwa, ta zuba ruwa sosai in ta kewaya. Bayan sati uku ta koma harkarta. Da na bar maganar nan yadda likita ya ajiye ta, da yau ba na rubuta wannan.

A gidana na Gusau ta yi satin ukun, a ɗakin baƙi, tunda yarana sun girma. Rana ta biyar da hantsi tana zaune a bakin ƙofa ina tsakar gida ina tsintar gero, ta ce, "Malama, ke da kinka yi boko, mi anka ba ni? Ba shi da wari, ba shi da zafi, amma kowa na gudu na."

Ai kuwa ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Wannan darasin nake koya wa 'yan aji uku duk shekara, rabinsu na gyangyaɗi, yau ga mai tambaya da gaske. Na gyara zama. Na ce mata komai na duniya da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya gani. Yawancinsu zaune suke lafiya har abada. Wasu kuwa cikinsu ba ya zama, sai ƙwaya ta fashe ta watso wani ƙarfi da ke ratsa nama, bayan nan ta koma lafiyayya, ba ta sake cutar kowa. Na ce abin da aka ba ta aidin ne, sinadarin nan da ake sa wa gishiri, amma irin wannan mai fashewa, kuma a jikin mutum ba abin da ke shan aidin kamar maƙoƙo, shi ya sa maganin ke bin jini ya je wurin ragowar ciwon ya zauna ya ƙone ta.

Ta gyaɗa kai ta ce, "Wato yadda aka yi wa ɓera, a sa mai guba cikin abin da ya fi so."

Na ce, "Gwaggo, kin fi ɗalibaina."

"To yaushe shika fita?"

Na ce yawanci yana fita ta fitsari da gumi tun kwanakin farko, wanda ya zauna kuma yana mutuwa da kansa, duk kwana takwas rabinsa ke tafiya. Don in burge ta na juye tiya guda ta gero a tabarma, na raba biyu na ture rabi gefe. Na ce kwana takwas ke nan. Na sake raba wanda ya rage, na ce sha shida. Na yi ta rabawa tana kallo daga inda take, daga tsibi ya koma tafin hannu, ya koma abin da yatsu uku za su ɗauka, har ya rage ƙwaya ɗaya. Na ɗaga mata ita ina murmushi.

Ta ce, "Raba wagga."

Na yi dariya na ce ai ta yi ƙanƙanta.

"In an daka ta ba ta rabuwa? Garin ma in kin raba, rabi na saura. Ke, shekara nawa ina raba hatsi? Abin da aka raba biyu kullum bai ƙarewa."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗi ya kama ni cewa ta gano abin da masu digiri ke tuntuɓe a kai. Na tafa na ce, "Haka yake, Gwaggo! A lissafi ba ya taɓa kaiwa babu, sai dai ya yi ta raguwa." Ta dube ni ta ce, "To." Ta ja mayafinta ta shiga ɗaki. Ni na kwashe gerona ina jin na yi koyarwa.

Sati uku suka cika na mayar da ita Kekun Waje. Mata suka cika gida da sannu da zuwa, wata ta miƙo mata jaririn da aka haifa ba ta nan. Gwaggo ta zabura ta ja da baya har ta bugi turmi, ta ce a fitar da shi. Na ɗauka gajiyar hanya ce. Bayan sati biyu maƙwabciyarta Hanatu ta kira ni a waya ta ce in zo, Iya ta ƙi zuwa haihuwa har biyu, ta ba ta kwallar aikinta, kuma ta ce Bara'atu in ta zo goyon ciki a ɗakin Hanatu za ta sauka.

Na taho a fusace. Na ce, "Iya, likita cewa ya yi sati uku, yau sati biyar!"

Ta ce, "Likita lallashi na ya yi. Ke kinka gaya min gaskiya, da bakinki kinka ce bai ƙarewa."

Nan na gane ɓarnar da na yi. Na zauna na warware mata. Na ce lissafin takarda daban, jiki daban. Ƙwayoyin nan adadi gare su, ba a daka su kamar gero, in ta ƙarshe ta fashe shi ke nan. Na ce kafin Bara'atu ta haihu, ko kashi ɗaya cikin dubu na abin da ta haɗiya bai saura ba, kuma wannan ɗin ko ƙuda ba zai yi wa komai ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗan hakin da ka raina shi ka tsone ma ido. Shekara tara, Safiya. In yarinyar nan ta samu wani abu, ki ce min lissafi?" Magana zarar bunu ce, na zare kuma ta ƙi komawa.

Da mutanen gari ne suka guje ta, da na san wanda zan zaga. Amma su roƙonta suke. Liman ya yi mata magana, mahaifina ya yi mata faɗa, ta ce duk ta ji.

Bara'atu ta haihu ranar wata Talata da hantsi, ina gidan. Hanatu ce a ciki, ga shi ba ta taɓa karɓar haihuwa ita kaɗai ba. Gwaggo ta kifa turmi a waje, taku uku daga bakin ƙofa, ta zauna tana ba da umarni ta bayan asabari da disasshiyar muryarta. "Kada ki ja. Bari ta huta. Duba wuya, cibiya ta naɗe? To sa yatsa ki zare a hankali." Ina kallon hannuwanta a kan cinyarta suna yin duk abin da take faɗa. Da kukan jaririya ya tashi sai ta dunƙule su ta cusa a cikin zane, ta ce, "Alhamdu lillahi," hawaye na zuba ba ta share ba.

Ranar suna Mannir ya sa wa yarinya Rakiya, ana kiranta Ummi. Kwana arba'in ɗin jego Gwaggo ce ke hura wuta, ita ke dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, ita ke dama kunun kanwa, amma sai ta sa leda a hannu, kuma wata ke shiga da su. Wata rana Bara'atu ta gaji, ta zo ta kwantar da Ummi a kan tabarmar Gwaggo ta juya ta tafi, wai ko dole ta sa ta ɗauka. Gwaggo ta manne da bango tana ƙwala wa Hanatu kira, jaririya na kuka ita ma tana kuka. Kwana biyu ba ta yi wa Bara'atu magana ba.

Da lokacin komawa Abuja ya yi don a duba ta, na ce yau zan gama da wannan magana. Likita ya ce magani ya yi aiki, ba alamar ciwon, kuma har yau da nake rubutun nan bai dawo ba. Na roƙi ma'aikacin da ke riƙe da na'urar auna irin wannan ƙarfi ya gwada ta a gabanta, ta ji da kunnenta cewa ba komai. Ya kunna ya kai wuyanta. Shiru. Can sai na'ura ta ce ƙat. Jim kaɗan ta sake cewa ƙat.

Gwaggo ta ce, "Kin ji shi?"

Bawan Allah ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan ba naki ba ne. Ƙasa na da shi, bango na da shi, daga sama ma yana saukowa, kowa da ɗan nasa a jiki tun haihuwa." Don ya tabbatar mata sai ya kawo na'urar ƙirjina, ta ce ƙat. Gwaggo ta dafe kai ta ce, "Inna lillahi! Na shafa miki, ɗiyata. Zaman da munka yi a mota ne." A hanyar dawowa ta sa jakarmu a tsakani, ta takure jikin taga har Gusau. Na yi kuka a motar nan, kukan haushi, ban san ko ita nake jin haushi ko kaina ba.

Daga ƙarshe dai na samu abu ɗaya. Na tuna mata cewa yaye a hannun kaka ake yi, in ta ƙi wa za a kai wa Ummi? Ta yi kwanaki tana juya maganar, sannan ta ce to, in yarinya ta kai yaye ƙashinta ya yi ƙwari, abin ma ya ƙara raguwa, a kawo mata ita, za ta ɗauka. Daga ranar ta samu abin jira. Ta sayi zanen goyo ta ajiye, ta ware akuya mai ciki don nono. In Bara'atu ta zo ganin gida sai ta zauna a tazararta tana yi wa Ummi tawai, tana ce mata kishiya mai ƙwacen suna, yarinya na ɓangale baki tana miƙo hannu. Da ta fara rarrafe kuwa sai an riƙe ta, don wurin kakarta take nufa.

Ummi na da wata goma sha ɗaya suka zo da damina, hatsi ya fara kai. Kwana biyu da zuwansu zazzaɓi ya kama ta, irin na cizon sauro da ke ɗibar yara a wannan lokaci. Aka kira ni na taho. Na tarar Bara'atu na tsaye a tsakar gida da yarinya a hannu tana cewa, "Iya, taɓa ta ki ji, ke kin san jikin yara, don Allah taɓa ta." Gwaggo ta ɓoye hannuwa a baya ta ce, "Tana da lafiya ban taɓa ta ba, sai yanzu da ba ta da ƙarfi? Ku ɗauke ta ku tafi Bungudu, mi kuke jira?" Muka tafi. Ma'aikata sun yi iya ƙoƙarinsu, suka sa mata ruwa, suka nemo jini. Washegari kafin azahar Allah ya karɓi abarsa.

Ni na riƙo ta a mota, naɗe cikin mayafina. Muna shiga gida mata suka sa salati, Bara'atu ta zube. Hanatu ta ɗora ruwa, ta kawo ƙwarya da sabulu, maza na zaure suna yankan likkafani. Da ruwa ya yi ɗumi Hanatu ta miƙo hannu za ta karɓa, sai na ji disasshiyar murya a kafaɗata, kusa da ni yadda na yi fiye da shekara ban ji ta ba.

"Ba ni ita. Yanzu ba abin da zan yi mata."

Na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu yadda take karɓar jarirai, tafi ɗaya a ƙeya. Ta zauna ta miƙe ƙafafu ta kwantar da ita a cinya, ta taɓa ruwan da gwiwar hannu ta ce a sirka, ya yi zafi. Hanatu ta sirka. Ta wanke ta a hankali, yatsa bayan yatsa, ta bi tafin ƙafa, ta bi bayan wuya. Daga zaure aka yi sallama cewa an gama haƙa, ba ta ɗago ba. Aka sake yi, mahaifina ya leƙo, da ya ga abin da ake ciki ya koma ya ce a ɗan jira.

Ta juya kan yarinyar ta tsaya tana duban gefen fuskarta, ta shafa da babban yatsa. Sannan ta ɗago ta neme ni da ido.

"Safiya, zo ki gani. Ashe kunnen Bara'atu gare ta. Daga nesa ban lura ba."